Na'urata ta ce wani abu, labo ya ce wani: wanne zan gaskata?

Tambayar ta zo ne daga wani matashi da ke kula da foraj da shaton ruwa na wani ƙauye a yankin Maradi. Ya ce:

"Malam, barkanku da aiki. Masu aikin da suka gina mana shato sun bar mini na'urar hannu mai auna pH, wato tsamin ruwa, da gishirin ruwa da zafi, da wata ƙarama mai auna dagulewa. Ran Litinin da hantsi na auna a bakin famfo: pH 6.4, gishiri 366 µS/cm, zafi 34, dagulewa 0.8 NTU. Na cika buteli na ba wani direba, aka auna a labo ran Laraba. Takarda ta dawo da pH 7.1, gishiri 310, dagulewa 6 NTU. Ba ɗaya da ya yi daidai. Shugaban kwamitinmu ya ce in juya na'urar har ta faɗi abin da labo ya faɗa. Ta yaya ake yin haka?"

Ƙanena, kada ka juya komai tukuna. Ka gaida mini shugaban kwamiti, ka ce na ce ya yi haƙuri da mako ɗaya.

Ka taɓa tsayawa wajen masu awon gyaɗa ko wake a babbar kasuwa? Idan mai sikeli ya yi shakkar sikelinsa, ba ya zuwa ya tambayi maƙwabci nawa buhun ya nuna a nasa sannan ya karkata allurarsa ta bi. Dutsen kilo yake ɗaukowa, wanda kowa ya yarda da nauyinsa, ya ɗora. Maƙwabci shaida ne kawai, shi ma sikelinsa na iya yin ƙarya, buhun ma na iya zubewa a hanya. Dutsen kilonka su ne ƴan kwalaben nan da suka zo cikin akwatin na'urar, ruwan ma'auni, waɗanda aka rubuta wa 4.01 da 7.00 da 10.01 na pH, da 1413 na gishiri. Da su kaɗai ake saita na'ura. Labo kuwa maƙwabcin ne. Muna bukatarsa ƙwarai, zan zo ga wannan, amma ba a zuba lambarsa cikin na'ura.

Abin da ya sa na ce ka dakata shi ne, da na dubi lambobinka, ban ga alamar cewa na'urarka ta lalace ba, ban kuma ga alamar labo ya yi kuskure ba. Ruwan da ka auna ran Litinin da wanda suka auna ran Laraba ba ruwa ɗaya ba ne kuma.

Bari in fara da gishiri, don shi ne mai sauƙin warwarewa. Abin da na'urar ke aunawa shi ne yadda ruwa ke barin lantarki ya ratsa shi, kuma wannan yana ƙaruwa da wajen kashi 2 cikin 100 duk lokacin da zafi ya hau da mataki ɗaya. Shi ya sa aka yi ittifaƙi a riƙa mayar da kowane awo zuwa zafin 25. Ruwanka yana 34, wato ya haura da mataki 9, kashi 18 cikin 100 ke nan. Ɗauki 310 na labo ka ƙara masa kashi 18, za ka samu 366, lambarka cif. Kusan tabbas gyaran zafi a kashe yake cikin na'urarka, tana ba ka ɗanyen awo. Shiga cikin saitinta ka kunna shi, ka zaɓi 25. Kuma ka duba takardar labo da kyau, domin wasu labo-labo masu bin tsohon tsarin Faransa suna mayar da awonsu zuwa 20 maimakon 25. Wannan kaɗai yana kawo bambancin kusan kashi 10. Ruwan ma'aunin nan na 1413, a zafin 20 yana nuna 1278, a 30 kuma 1548. Na ga an yi ta gardama kwana da kwanaki a kan bambancin da bai wuce wannan ba.

pH kuma labarinsa daban ne. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana fitowa ɗauke da iskar kabon narke a cikinsa, irin wadda ke cikin lemun kwalba amma kaɗan, ita ce ke sa shi ɗan tsami. Da ya sha iska, aka jijjiga shi a bayan mota kwana biyu cikin butelin da wataƙila ba a cika har baki ba, iskar ta fice, tsamin ya ragu, pH ya hau. Daga 6.4 zuwa 7.1 ba abin mamaki ba ne ko kaɗan. Ƙa'idar masu labo da kansu ita ce a auna pH cikin minti 15 bayan an ɗebi ruwa. Don haka a kan pH, in na'urarka tana da lafiya, kai ne mai gaskiya, su sun auna abin da ya iso gare su ne.

Dagulewar ce ta fi ba ni sha'awa. Ruwa ba ya tsami banza, ba ya kuma dagulewa banza cikin rufaffen buteli. Zatona akwai ƙarfe narke a ruwan forajinku. Muddin yana can ƙasa inda babu iska, garau yake fitowa. Da ya haɗu da iska sai ƙarfen ya yi tsatsa, ya zama ƴan ƙananan ɓurɓushi ja, ruwan ya yi hazo. Gwajin ba ya cin ko dala: cika farin buteli rabi, ka girgiza, ka ajiye shi ya kwana. In da safe ya yi ruwan ɗorawa ko ya kwantar da ja a gindi, ka samu amsa. Tambayi matan da ke ɗiba ma, ko fararen kaya suna yin ja in an wanke, ko bido yana yin tsatsa-tsatsa a ciki. Sukan riga mu sani. Ƙarfe yana fara ɓata launi da ɗanɗano ne in ya wuce wajen 0.3 mg a lita.

Duk wannan zato ne mai ƙarfi, amma zato ne. Sai ka tabbatar na'urar da kanta tana faɗin gaskiya, kuma a nan ne aikin yake.

Yi shi da sassafe, a ɗaki ko cikin inuwa mai kauri, bayan na'urar da kwalaben ma'auni sun zauna wuri ɗaya na rabin awa zafinsu ya zama ɗaya. Kafin ka taɓa maɓallin saiti, tsoma bakin na'urar cikin kowane ruwan ma'auni kamar kana auna ruwan famfo, ka rubuta abin da ta nuna. Mutane da yawa suna tsallake wannan, su danna saiti kai tsaye, sai na'ura ta gyara kanta ta shafe shaidar karkatar da ta yi. Ta yaya za ka san ko awon makon jiya na kirki ne in ba ka san nawa ta kauce ba? Ni abin da nake aiki da shi: in pH bai kauce fiye da 0.2 ba, gishiri bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, awon baya yana nan daram. In ya wuce, sai in sa alamar tambaya a kan duk abin da aka auna tun saitin ƙarshe.

Saitin pH ana fara shi da 7.00, sannan 4.01 tunda ruwanku yana ɓangaren tsami ne. Ka zuba kaɗan a ƙaramin kofi mai tsabta, kada ka tsoma na'ura cikin kwalbar, kada kuma ka mayar da wanda ka yi aiki da shi, ko da kana jin tsadarsa. Tsakanin kowane biyu ka ɗauraye bakin da tataccen ruwa, wato wanda aka cire wa gishiri gaba ɗaya, ka ɗan taɓa shi da takarda mai laushi don ta tsotse ɗigon, ban da gogewa. Ka ba shi lokaci. Ruwan da ba shi da gishiri sosai, irin naku, yana sa pH jinkirin tsayawa, minti biyu ko uku ba asara ba ne.

In na'urarka tana nuna milibolt, wato mV, to nan ne za ka ga lafiyar ƙwan gilashin da ke bakin mai auna pH da idonka. Cikin 7.00 ya kamata ta nuna kusa da sifili, kada ta wuce 30 sama ko ƙasa. Kowane mataki ɗaya na pH yana daidai da 59 mV da ɗoriya a zafin 25, wajen 61 a zafin 35. Tsakanin 7 da 4 ke nan ka sa ran tazarar 177 ko kusa. Na'urori da yawa suna yi maka lissafin su ba ka shi da kashi cikin ɗari bayan saiti. Daga 95 zuwa 105 lafiya lau. In ya sauko ƙasa da 90 kuma wanki bai dawo da shi ba, bakin ya tsufa. Shekara ɗaya zuwa biyu yake yi, a zafin ƙasarmu sau da yawa bai kai haka ba, kuma yana tsufa ko ana aiki da shi ko yana kwance cikin akwati. Kwamiti ya sa kuɗinsa cikin lissafin shekara kamar yadda ake sa na gyaran famfo.

Abin da ya fi kashe shi a nan bushewa ce. Ƴar hular da ke rufe bakin ba ado ba ce, dole kullum a samu ruwan ajiya a cikinta, wato ruwan gishirin KCl mai ƙarfi. In ya ƙare, ɗan 4.01 zai riƙe ka zuwa a kawo wani. Tataccen ruwa kuwa kada ka kuskura ka kwantar da shi a ciki, yana tsotse gishirin da ke cikin bakin ya bar shi kurma. Lokacin hunturu ka riƙa duba hular duk bayan kwana biyu, iskar nan tana busar da ita kafin ka ankara. Kuma kada ka yarda da ruwan batir na bakin tasha a matsayin tataccen ruwa sai ka auna gishirinsa ka ga bai wuce 5 µS/cm ba.

Akwai kuskuren da na yi da hannuna, shekarun baya, wanda har yau nake jin kunyarsa. Na bar akwatin ma'auni a bayan mota cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Maradi ke haura 40, kuma kwalbar 10.01 ta yi watanni a buɗe. Shi wannan ruwan yana shan iskar kabon ya sauka a hankali ba tare da ya canza kama ba. Na saita na'ura da shi, ta karɓa ba gardama, na yi zagayen ƙauyuka kusan mako biyu ina rubuta lambobin da ba su da tushe. Na'ura ba ta san ruwan ma'auni ya lalace ba, duk abin da ka ce mata 10.01 ne za ta yarda. Tun daga nan nake rubuta ranar buɗewa a jikin kowace kwalba, ta 10.01 ba na wuce wata ɗaya da ita, sauran wata uku zuwa shida. Inda babu firigo, ko kuran yana yawan ɗaukewa, ka ɗaure su cikin leda ka ajiye a gindin randa kan jiƙaƙƙen yashi. In akwai firigo ma, ban da wajen ƙanƙara.

Gishiri saitinsa bai da wuya. Bakin a bushe cikin iska ya nuna sifili. Ɗauraye shi da ɗan ruwan 1413 ɗin kansa sau biyu ka zubar, sannan ka tsoma cikin sabo, ka ɗan karkaɗa don kumfar da ta maƙale ta fita. Tunda ruwanku yana wajen 300, in ka samu ruwan ma'auni na 84 ko 147 ka gwada shi bayan saiti a matsayin shaida ta biyu. Lambar nan ta TDS da na'urar ke nunawa kuwa, wato nauyin gishirin da ke narke a ruwa, ba awo ba ce, gishirin ta ninka da wani adadi da aka sa mata tun daga masana'anta, galibi tsakanin 0.5 da 0.7.

Mai auna dagulewa ita ce ta fi son tsabta. Haske take harbawa ta cikin ƴar kwalbar gilashi, don haka tabon yatsa, ƙurar hazo, karce, kumfa, duk laka take ɗaukarsu. Riƙe kwalbar ta murfi, goge ta da ƙyallenta na musamman, sa ta kullum alamar jikinta tana fuskantar wuri ɗaya, rufe murfin na'urar, kuma ban da aiki cikin rana. In samfurin ya fito daga ƙanƙara, gumi zai kwanta a jikin gilashin ya ba ka lamba mai yawa, sai ka bari ya huce. Ka kuma duba ko takardar labo NTU ta rubuta ko FNU, wato wani ma'aunin dagulewa na daban. Launin hasken da na'urorinsu ke aiki da shi ya bambanta, cikin ruwa mai ja ba lallai su yi daidai ba.

Idan ka gama duk wannan, sai a koma ga labo, amma a wannan karon yadda ya kamata. Bar famfo ya yi ta zuba har zafi da gishiri su daina motsi a na'ura, don kada ka auna ruwan da ya kwana cikin bututu yana shan rana. Sa tiyo har gindin bokiti mai tsabta, ruwan yana malalowa ta sama, na'urar tana ciki. A wannan minti ɗin da kake karanta lamba, a cikinsa za ka cika buteli daga tiyon nan. Buteli na labo, ba na lemu ba. Ɗauraye shi sau uku da ruwan, cika shi har ya tumbatsa, rufe ba tare da iska a ciki ba. Rubuta rana da awa da wuri. Sa shi cikin kula da ƙanƙara, ka nemi ya isa a ranar. Gishiri yana jure jira har makonni in an rufe da kyau, dagulewa da nitirat kwana biyu ne iyakarsu, na ƙwayoyin cuta kuwa a so samu cikin awa 6, kada dai ya wuce 24, kuma shi butelinsa daban ne, ba a ɗauraye shi, ba a cika shi har baki. Na ƙarfe labo ne zai ba ka buteli mai ɗigon asid. Saboda wannan ƙuncin lokaci, fara tambaya a ma'aikatar ruwa ta jihar Maradi ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo abin da ake iya aunawa a nan kusa, kafin ka yi tunanin Yamai mai tafiyar fiye da kilomita 600.

Ga dabarar da ba kowa ke yi ba: cika buteli biyu daga bokiti ɗaya, ka ba su suna daban, kada ka faɗa wa kowa. In amsoshinsu suka dawo kusa da juna, ka san hannun labon a tsaye yake. In suka yi nisa, ka san girman kuskuren da ba naka ba. Lokaci-lokaci ka haɗa da buteli na uku mai ɗauke da ruwan 1413 tsantsa. Ba raini ba ne, labo na kirki da kansa yana yi wa ma'aikatansa irin wannan jarrabawa. Mafi kyau ma, ranar da ka samu shiga gari, ɗauki na'urarka ka je da ita, ku tsoma taka da tasu cikin kofi ɗaya a lokaci ɗaya. Gani ya kori ji.

Awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Sayi kaye, ka ja layi: rana, awa, zafi, abin da na'ura ta nuna, abin da labo ya ce, bambanci, ranar saitin ƙarshe. Bayan awo takwas ko goma da suka ratsa rani da bazara da damina, sai kayen ya fara magana. In bambancin yana tsalle sama da ƙasa ba tsari, matsalar tana wajen ɗiba da jigila. In kullum gefe ɗaya yake da girma ɗaya, akwai abin da ku biyu ba ku daidaita ba, kamar 20 da 25 ɗin nan. In yana ƙaruwa wata bayan wata, bakin na'urar ne ke tsufa ko datti ke taruwa. A nan ne kuma labo zai ba ka abin da ruwan ma'auni ba zai iya ba: in suka busar da ruwanku suka auna gishirin da ya rage, ka raba shi da awonka, ka samu adadin TDS na forajinku na gaskiya. Wannan kam kana iya sa shi cikin na'ura, domin ninki ne kawai, bai taɓa saitin ba.

Masu na'urar da ke kwana cikin ruwa, a tafkin kifi ko magudanar noman rani irin ta Jiratawa, su tsarinsu ya ƙaru da mataki ɗaya: a karanta kafin wanki, a wanke gansakuka da laka da burushi mai laushi, a sake karantawa, sannan a gwada cikin ruwan ma'auni. Ta haka ake raba laifin datti da laifin na'ura. Lokacin da Gulbin Maradi ya kawo ruwa, daga Yuli zuwa Satumba, duk mako ne. Kai mai ta hannu, pH duk mako ko kafin kowane awo mai muhimmanci, gishiri da dagulewa duk wata.

Akwai abu guda da nake so ka kai wa kwamiti, ya fi duk gardamar 6.4 da 7.1 nauyi. Na'urarka ba ta ganin abubuwan da suka fi cutarwa. Mu mutanen Maradi ba sai an ba mu labari daga nesa ba. A Tibiri, nan kusa da mu, ruwan foraj garau mai daɗin sha ya ɗauki sinadarin fuliyo fiye da ninki uku na iyakar 1.5 mg a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, yara suka yi shekaru suna sha, haƙora suka rine, ƙafafu suka lanƙwashe, kafin maganar ta fito fili wajen shekarar 2000. Da ka tsoma na'urarka cikin wancan ruwan, da ba abin da za ta nuna maka, domin miligiram biyar na fuliyo ba ya motsa awon gishiri yadda za ka lura. Haka nitirat da ke tsiyayowa daga masai da taki, mai iyakar 50 mg a lita, haka ƙwayoyin amai da gudawa irin wanda ya addabi Madarunfa a 2018. Don haka in kuɗin kwamiti kaɗan ne, kada a kashe su wajen sa labo ya maimaita pH. A biya fuliyo da nitirat da ƙarfe aƙalla sau ɗaya a shekara, ƙwayoyin cuta kuma a ƙarshen rani da tsakiyar damina, da duk lokacin da aka buɗe foraj don gyara. Amfanin na'urarka na kullum shi ne ta zama mai gadi: in gishirin da ya saba zama 310 ya tashi 400 ko ya faɗi 200 cikin ƴan kwanaki, ko dagulewa ta haura 5 NTU bayan ruwan sama, wani baƙon ruwa ya shiga, ranar nan a ɗauki samfur ba sai lokaci ya yi ba.

In kuna zuba jabel a shato, faɗa mini, domin awonsa da ƙwayar DPD, wadda ke canza launin ruwa in akwai jabel, shi ma a bakin famfo ake yi nan take, ba ya jure tafiya. Yanzu dai kunna gyaran zafin, ka kwantar da farin butelin nan yau da dare, ka rubuto mini launin da ka gani da safe tare da mV ɗin da 7.00 da 4.01 suka nuna.